Silin da Filon Ubansa

Uban Silin tela ne, kuma a shekarunsa na ƙarshe takalma kawai ya gani a duniya. Bayansa ya yi ta lanƙwashewa sannu a hankali har haɓarsa ta kusa zama a kan ƙirjinsa, ya daskare a haka kamar ƙugiyar mahauta. In ka shiga shagonsa ka yi sallama, ƙafarka zai duba kafin ya amsa. Ya san wanda ya yi sabon takalmi, ya san wanda ya aro na ƙaninsa, ya san matar da faso ya gama da dugaduganta duk da turaren da take zubawa. Fuska kuwa, ko ta matarsa ce, sai dai ya tuno ta. 'Yan layin sun daɗe da yanke hukunci, don a wurinsu kowa likita ne in dai ciwon ba a jikinsa yake ba. Suka ce keken ɗinki ne ya cinye shi.

Autansa ya taso yana jin wannan magana, ya kuwa rantse ba shi ba sana'ar sunkuyo. Da ya isa koyon aiki sai ya bi masu fenti, a cikin fentin ma ya zaɓi abin da kowa ke gudu, wato silin. Aiki ne na wahala. Fenti na ɗigo maka a ido, kafaɗa na ci da wuta, wuya ya ƙage. Shi kuwa haka yake so. Ya wuni a kan tsani, rola a hannu, hancinsa na nuna sama kamar mai jiran saƙo daga can. Da haka sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Silin. Inna ce kaɗai, mahaifiyarsa, ba ta yarda da wannan suna ba. A bakinta Auta ne, ko da furfura ta rufe shi.

Dogo ne, miƙaƙƙe, mai tafiya da kai a sama har wasu na cewa girman kai ne. Ya auri wata mai kitso doguwa irinsa, mai baki kamar sabuwar reza. Ranar farko da ta gan shi da fenti fari fat a gira ta ce, "Malam, tsufa ne ya zo maka da wuri ko kuwa alli ka ci?" Abin da ya ja shi ke nan. Wasu mazan sai an yanke su suke jin daɗi.

Ba a daɗe da auren ba ciwon ya fara leƙowa. Ba da hayaniya ya zo ba. Da asuba yake tashinsa, wani nauyi can cikin ƙugu, yau ɓangaren dama, gobe hagu, kamar an zuba masa yashi a gaɓoɓi. Saukowa daga gado sai da dabara: ya mirgina, ya dafa bango, ya ja jiki. Sa wando ya zama kokawa. Amma da ya fita, ya hau tsani ya sauka, ya hau ya sauka, kafin rana ta take sai jikin ya saki. Abokan aikinsa suka ce ɗan wasan kwaikwayo ne.

"Da safe kakanmu, da azahar ango," in ji ɗaya. "Silin, wai wanne ne na gaskiyar?"

Ranar hutu ta fi kowace rana muni. In ya kwanta ya huta kamar kowa, sai ya tashi kamar an ɗaure shi da waya. Ya sha jiƙe-jiƙe har bakinsa ya manta ɗanɗanon ruwa. An murza shi, an gasa shi, wani ƙato mai tausa ya hau bayansa da gwiwa ya ce iska ce ta shiga. Iskar dai ba ta fita ba. Sai da idonsa ɗaya ya yi ja wur, haske na sukarsa kamar allura, sannan Mai Kitso ta tasa shi gaba zuwa babban asibiti.

Likitar 'yar ƙarama ce, mai tabarau, ba ta da lokacin lallashi. Ta sa shi ya sunkuya, ta auna ƙirjinsa da tef irin na teloli tana cewa ya ja numfashi, ta ɗaga hoton ƙashinsa a fitila ta daɗe tana kallo. Sannan ta faɗi sunan ciwon da Turanci, suna mai tsawo wanda sai ka tsaya ka sha ruwa a tsakiyarsa. Ta ce a taƙaice ciwon sandarewar ƙashin baya ne.

"Akwai wanda ya lanƙwashe a gidanku?"

"Mahaifina. Amma shi keken ɗinki ne."

"Ba keke ba ne. A jini yake. Keken dai shi ya zaɓa masa siffar da zai daskare a ciki."

Ta yi masa bayani. Gaɓoɓin ƙashin baya su kumbura, jiki ya zo gyara, maimakon ya gyara sai ya zuba sabon ƙashi a tsakaninsu, su haɗe ɗaya bayan ɗaya kamar an yi musu walda, har bayan ya koma sanda guda.

"Yana warkewa?" Silin ya tambaya.

"A'a. Amma ana rage masa gudu. Kai ma'aikacin gini ne, ka san kwaɓaɓɓen siminti. Muddin ana juya shi yana jinkirin kamawa. In kuma kamawar zai yi, gara ya kama kana a miƙe."

Ta ba shi ƙwayoyi, ta ce kada ya sha da yunwa. Ta ce motsi kullum, ko yana so ko ba ya so. Katifa mai tauri, ban da filo. Ya riƙa kwanciya rub da ciki na ɗan lokaci. Ya riƙa jan numfashi har haƙarƙari su buɗe, don su ma suna kamewa. Kowace safiya kuma ya tsaya a jikin bango, dugadugai, ɗuwawu, kafaɗu, ƙeya, duk su taɓa. Ranar da ƙeya ta fara ƙin taɓawa, to an fara tafiya.

A hanyar gida Mai Kitso ce ta fara magana.

"To, Maigida, ka gudu daga keke ka hau tsani, ashe abin a aljihunka yake tun farko."

Washegari ta dawo daga kasuwa da takalmin gudu na gwanjo, ɗaya ya fi ɗaya haske. Ta ajiye masa a bakin ƙofa kamar an ajiye wa akuya dusa.

Akwai wani filin ƙwallo a bayan makaranta, ƙasa mai laushi, ba mota ba babur. Nan ya fara. Da fari tafiya ce, sai sauri-sauri, sai wani abu da in ka yi masa adalci ka kira shi gudu. Ba kyan gani. Baya a sandare, hannuwa na lilo, kamar ƙyauren ɗaki ya ɓalle ya kama hanya. Masu gadin shagunan da ke kan hanyarsa sun samu abin karya kumallo.

"Silin, wa ya biyo ka?"

"Ka tsaya mu tare maka shi mana!"

Ba ya amsawa, don numfashin bai isa a raba shi biyu ba. Zagayen farko azaba ne tsantsa, kowane taku na hawa masa har ƙeya. Daga nan sai wani ɗumi ya taso daga ƙugu, yashin ya fara narkewa, ƙirji ya buɗe kaɗan. Wannan ɗan lokacin ne kawai a yini yake mantawa da yana da baya. In ya gama sai ya rataye a ƙarfen gola, ya bar nauyinsa ya ja shi, ya ɗaga kai ya kalli sama don ya tabbatar tana nan.

A gida kuma akwai bango, gefen ƙofar ɗaki, wanda shi da kansa ya shafe da fari. Yana tsayawa, Mai Kitso ta zo da tsinken kitsonta ta gwada zura shi tsakanin ƙeyarsa da bangon. In tsinken ya ƙi wucewa sai ta ce, "Yau ma ba ka zama ubanka ba. Je ka yi wanka, kana wari." A hankali man kansa ya yi tabo a wurin, zagayayye kamar gindin kofi. Duk wanda ya ce a goge tabon nan ya taɓo faɗa.

Shekaru suka tafi a haka. Ciwon bai tsaya ba, yana cin abinsa daga ƙasa zuwa sama. Ƙugu ya kame, tsakiyar baya ta kame. Ya daina iya ɗaure igiyar takalmi sai ya ɗora ƙafa a kujera. Wuyan ma ya fara ƙin juyawa gefe, in an kira shi daga baya sai ya juyo da jiki duka kamar motar ɗaukar kaya. Amma a miƙe yake kamewa, kuma sama tana ɗaguwa. Silin dai na nan a silin.

Ana cikin haka tela ya rasu. Sai da aka yi dabara kafin a daidaita shi a makara, maganar da ba wanda ke son tunawa. Bayan an share zaman makoki Inna ta dawo gidan autanta da akwati ɗaya da wani filo ƙato a hammata.

Filon nan yana da tarihi. Ita ta ɗinka shi da hannunta lokacin da kan mijinta ya fara ƙin kaiwa katifa. Ta cika shi da ƙyallayen da ke zubewa a ƙarƙashin keke, ragowar rigunan mutanen layin kaf. Duk sanda ya ce wuyansa na reto, sai ta farke gefe ta ƙara cusa wasu. Kai na tashi, filo na tashi. Ita a ganinta bin ciwon take da taimako. Ba wanda ya taɓa ce mata wataƙila ita ce a gaba, ciwon na biye. Da Mai Kitso ta gwada faɗa mata, Inna ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke 'yar nan, shekara nawa kika yi kina jinyar miji? Ni na kwana da nishin mutumin nan tun ba a haife ki ba. Mara lafiya hutu yake so. Ku kun sa min yaro gudu a titi kamar ɓarawon kaza."

"Ba a titi ba ne, Inna, a fili ne."

Wannan amsar ba ta daɗe tana aiki ba. Aka sayar da filin, aka zuba bulo, aka tayar da jerin shaguna hawa biyu. Wa kuke tsammani aka ba fentin silin ɗinsu? Shi ɗin dai. Ya shafe su tas, ya yi musu kyau, yana tsaye daidai inda ƙarfen gola yake a da. Daga nan gudu ya koma bakin titi.

Titi kuwa yana son mutum mai wuya. Wata safiya, gari ya waye sarai, ya zo mararrabar da ke kusa da gidan mai. Mai lafiya zai ɗan karkata kai ya ga abin da ke fitowa daga lungu. Shi sai ya tsaya ya juya gaba ɗaya, kuma ran nan jikin ya yi ɗumi, gudun na daɗi, bai so ya katse. Babur mai ɗauke da buhuna ya fito ya banke shi. Masu gadin da suka saba yi masa tsiya su suka ɗauke shi, ba mai dariya a cikinsu.

Ƙashin cinya ya karye, ya kuma karye da kyau. Aka yi aiki aka sa ƙarfe, wurin ya yi ruwa, aka sake buɗewa. Likitar mai tabarau ta zo har gadonsa ta ce ya gode wa Allah da ba bayan ne ya karye ba, don irin nasa in ya karye kamar alli yake yi. Sannan ta juya wurin Mai Kitso.

"Zai daɗe a kwance. Wannan kwanciyar ta fi karayar haɗari. A shimfiɗe shi sambal, ba filo, ko zani kada a naɗe masa a ƙarƙashin kai. Ya riƙa motsa hannuwa, yana danna ƙeya a katifa. Zai yi kuka. Ku bar shi ya yi."

Aka dawo da shi gida, aka shimfiɗe shi kamar yadda aka ce. Inna ta leƙo daga ƙofa ta ga autanta a rigingine, hannuwa a gefe, ƙafafu a haɗe, mayafi har ƙirji, ido a rufe. Ta dafe bango.

"Haka ake shimfiɗa gawa," ta ce. "Haka muka so mu shimfiɗa ubansa ya ƙi shimfiɗuwa. Da raina za ku yi min wannan?"

"Inna, likita ce ta ce."

"Likitar ta haife shi?"

Gida ba ya cin bayanin likita, dole Mai Kitso ta koma shago. Da safe ta wanke shi, ta sa shi ya ɗaga hannuwa ya sauke, ta tsaya a kansa yana danna ƙeya yana zufa, sannan ta fita. Daga nan sai shi da Inna da silin ɗin ɗakin, wanda ya san kowane layin rola a jikinsa.

Wanda bai taɓa wannan ciwo ba ba zai gane mece ce kwanciya ba. Jikin da ya saba a juya shi kullum, yanzu an bar shi wuri ɗaya. Kafin hantsi bayan ya fara ci. Wuyan ya riƙa ja gaba da kansa, kamar akwai igiya daga haɓa zuwa cibiya ana ɗaure ta. Danna ƙeya a katifa ya zama kamar danna ta a kan ƙusa. Ba ya ihu, sai wani siririn nishi ta hanci. Inna kuwa ta san nishin nan. Ta yi shekaru tana jin irinsa.

Rana ta farko ta daure. Ta biyu ta zauna a bakin gado tana masa fifita tana share hawaye. A ta uku, da ƙwayar ta ɗan ɗauke shi, ta shiga ɗakinta ta fito da filon tela. Ta tallafi kansa kamar na jariri ta zura.

Daɗin da ya ji ba shi da suna. Igiyar ta saki, wutar ta lafa, ya yi barcin da rabonsa da irinsa tun kafin aure. Kafin la'asar Inna ta zare filon ta mayar ɗaki, ta gyara mayafi. Mai Kitso ta dawo ta tarar da miji fuska a sake.

"Yau ka ji sauƙi ke nan?"

"Da sauƙi," ya ce, yana kallon sama.

Ba ta daɗe ba ta gane. Mai sana'ar kai ba a ɓoye mata abin da ya taɓa kai. Ta ga zare ja a gashinsa, ta ga shatin ɗinki a bayan kunnensa. Faɗan da aka yi a tsakar gidan har maƙwabta sun rage rediyo.

"Inna, so kike ya ƙare yana gaida takalma?"

"Ki iya bakinki. Mijina kike zagi?"

"Ba zagi ba ne, abin da na gani ne."

"Ke kina can kina jan gashin mutane, ni nake jin nishinsa. Barci yake na sa masa, bai ma sani ba. Kuma gudun da kika saya masa takalmi, shi ya kwantar da shi, ba filona ba."

Wannan ta shiga. Mai Kitso ta ɗauki filon ta wurga shi can saman kwaba, inda tsohuwa ba za ta kai ba. Ta manta gidan mai fenti ne. Tana fita Inna ta ɗauko doguwar sandar rola ta zunguro abinta. Da aka kwana biyu ma ta ga kamar kan na neman ƙari, ta farke gefe ta cusa tsohon ɗankwali.

Wata rana amaryar da za a yi wa kitso ta aiko ba za ta samu zuwa ba, Mai Kitso ta rufe shago ta dawo da rana tsaka. Ta shigo ba motsi, ta tsaya a bayan labule. Inna na tsaye a bakin gado da filo a hannu. Idon Silin a rufe, numfashi a hankali kamar mai barci. Inna ba ta kai ga taɓa shi ba, sai ga kan ya ɗago da kansa, kaɗan, daidai yadda filo zai shiga.

Mai Kitso ta ɗaga labulen.

"Ashe idonka biyu, Maigida."

Bai buɗe ido ba. Hawaye ne ya gangaro ta gefe ya shige kunnensa.

"Na yau kawai," ya ce.

"Jiya ma na jiya kawai ne?"

"Ba ki san yadda yake ci ba."

"Ban sani ba," ta ce. "Ni tsinke kawai na iya riƙewa."

Ba ta ƙara taɓa filon ba. Da uwa za ta iya faɗa, ta kuma shirya yi har ƙarshe. Amma su biyu ne a kan abu ɗaya, kuma wuyan nasa ne. Wasu ranakun shi da kansa yakan ce a cire, ya danna ƙeya ya yi ta nishi har azahar, sannan ya kira Inna da ƙaramar murya. Damina ta shigo ta same shi a kwance, ta fita ta bar shi a kwance.

Da ƙafar ta yarda ta ɗauke shi, ya fara takawa da sanduna, daga gado zuwa ƙofa. Kwanaki yana wuce bangon nan ba ya kallonsa. Ran da ya yar da sanda ɗaya ya ce da matarsa ta zo. Ya jingina. Dugadugai suka taɓa, ɗuwawu suka taɓa, kafaɗu da ƙyar. Ya tura kai baya har jijiyoyin wuyansa suka fito, yana rawa. Mai Kitso ta ɗago tsinken, ta dube shi, ta mayar cikin gashinta. Tafin hannunta ta zura a tsaye, ya shige, da sauran wuri. Tabon man na nan a sama, shi kaɗai.

"Nawa?" ya tambaya.

"Je ka yi wanka," ta ce. Ba ta ƙarasa sauran ba.

Likita ta ɗaga sabon hoton a fitila ta cire tabarau. Ta ce wani abu zai iya dawowa in aka dage, amma wuyan ya riga ya kama daga ƙasa, kuma a karkace ya kama. Ba ta tambayi filo ba. Ta ga irinsu da yawa.

Ɗan kwangilar da ya saba ba shi aiki mutumin kirki ne, ya kira shi wani sabon gida. Silin ya hau tsani a hankali, ya tsoma rola, ya ɗaga hannu. Hannun ya kai. Idon ne bai kai ba. Iyakar ganinsa inda bango ya haɗu da silin, daga nan sai duhun girarsa. Ya gwada lanƙwasa gwiwa ya jingina baya, tsanin ya yi rawa, wani ya riƙe da sauri. Ya shafa a makance, layi biyu, fenti na zubo masa a ƙeya maimakon goshi. Ɗan kwangila ya yi gyaran murya.

"Sauko, Silin. Akwai bangon ƙasa da gefen tagogi, su ma hannu mai kyau suke so."

Sunan dai ba a canza masa ba. Mutane ba su da wannan tausayin.

Ya koma gudu, in za a kira shi gudu. A harabar wata ma'ajiyar kaya yake yi yanzu, mai gadin ya bar masa ƙofa, ba abin hawa sai bayan hantsi. Ƙafa ɗaya na ja, kai a gaba kamar mai neman abin da ya yar. Yana ganin taku kaɗan na gabansa, da gindin katanga, da ƙafafun tantabaru. Ba mai tambayarsa wa ya biyo shi. Kowa ya ga abin, a wuyansa yake zaune. Yana yi ne don abin da ya rage: yau in ya tsaya gaban matarsa yana ganinta har haɓa, in ta yi magana yana ganin leɓen ƙasa. Idonta kuwa sai in ta zauna yake gani. Inna kuwa gajeriya ce, fuskarta yake gani cikakkiya, kullum, ba sai ya yi wahala ba.

Rub da ciki ya gagara. Rigingine ma yanzu in ya kwanta kan ba ya kaiwa katifa, sai ya tsaya a iska yana reto. Likita da bakinta ta ce a sa masa abin da zai tare, daidai gwargwado, kada a ƙara ko da yatsa ɗaya. Mai Kitso ta ɗauko filon tela ta farke shi a tsakar gida. Ƙyallaye suka zubo, rigunan mutanen da rabinsu sun mutu, da ɗankwalin Inna a kan gaba. Ta cire abin da za ta cire, ta ɗinke bakin da zare biyu, ɗinki mai wuyar farkewa, ta ɓoye almakashi da allura a jakar shagonta. Da yamma bayan ya ci abinci ya kwanta, ita ta tallafi kansa ta zura masa.

Inna na zaune a bakin ƙofa tana jan carbi, tana kallo.

"Ai na faɗa muku," ta ce. "Yaron nan filo yake so."

Daga inda yake kwance Silin na ganin saman ƙofa da ɗan yankin silin, inda damina ta bar wani tabo ruwan ƙasa da ke buƙatar shafa biyu ta farin fenti. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce da matarsa ta ajiye masa takalman a kan kujera, kada a ƙasa, don da safe ya same su.